Me ya sa tsofaffi ke cika rumfuna a zaɓen rabin wa'adi na Amurka, matasa kuma su zauna a gida?

Ɗan'uwa, ka tambaya wai me ya sa duk sanda aka yi zaɓen rabin wa'adi a Amurka sai a ji ana cewa tsofaffi ne suka fito matasa kuma ba a gan su ba, sannan ko da gaske ne abin da ake ta faɗa cewa daga 2018 zuwa yanzu matasan sun farka. To, tazarar dai gaskiya ce kuma babba ce, an kuma samu canji a 2018 ba ƙarya, amma dalilin nan da mutane suka fi saurin kawowa, wai matasa ba ruwansu da siyasa sai danna waya da TikTok, ni kam ban yarda da shi ba. Na daɗe ina bin alƙaluman zaɓen ƙasar nan ina kuma koyar da su, kuma duk sanda na sake dubawa abu ɗaya nake gani: ba rashin damuwa ne ya fi hana matashi zaɓe ba, rashin sabo ne da rashin zama wuri ɗaya da kuma rashin wanda zai neme shi.

Bari dai mu fara da shi kansa zaɓen saboda da yawa suna rikita shi da zaɓen cike gurbi, ba shi ba ne. Shugaban Amurka shekara 4 yake yi, amma ƴan majalisar wakilai su 435 shekara 2 kacal suke yi a koma akwati, sanatoci kuma su 100 shekara 6 suke yi sai aka kasa su uku, duk bayan shekara 2 kashi ɗaya ya koma neman ƙuri'a. Kenan a daidai tsakiyar mulkin kowane shugaba akwai babban zaɓe wanda sunansa ba ya kan takarda, amma za a zaɓi majalisar wakilai kaf, da kusan sulusin majalisar dattawa, da gwamnoni 36 cikin 50, ga ƴan majalisun jihohi ga ƙananan muƙamai birjik. Najeriya da ta ɗauko tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979 ba ta haɗa da wannan ba, shugaba da ƴan majalisa duk shekara 4 aka yanka musu, shi ya sa abin yake mana baƙo.

Yanzu lissafi. A zaɓen shugaban ƙasa wajen kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka cancanta suke fitowa, a 2020 ma ya kai wajen 66. A na rabin wa'adi kuwa an daɗe ana yawo a wajen 40. A 2014 abin ya faɗi ƙasa da kashi 37, rabon da a ga irin haka tun 1942 lokacin ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Sai 2018 ya yi tsalle zuwa wajen 50, wanda rabon da a ga haka tun 1914, a 2022 kuma ya ɗan sauko zuwa wajen 46. Wannan na kowa da kowa kenan. In ka raba da shekaru, hukumar ƙidayar Amurka ta ce a 2014 kashi 20 ne na masu shekara 18 zuwa 29 suka yi zaɓe, masu 65 zuwa sama kuma kashi 59. A 2018 matasa suka hau 36, tsofaffi 66. Ka ga ko a shekarar da ake ta yi wa matasa kirari, tsoho ya kusa ninka matashi, cikin tsofaffi uku biyu sun je, cikin matasa uku biyu ba su je ba.

Wani abu da zai iya ruɗa ka, za ka ga wata cibiya ta jami'ar Tufts mai suna CIRCLE ita kuma tana cewa 13 a 2014, 28 a 2018, 23 a 2022. Ba wai wani ya yi ƙarya ba ne. Hukumar ƙidaya tambayar mutane take yi bayan zaɓe, ka yi zaɓe ko ba ka yi ba, mutum kuma yana jin nauyin ya ce bai yi ba sai ya ce ya yi, ita kuwa cibiyar kundin masu zaɓe na jihohi take dubawa inda aka rubuta wanda ya jefa ƙuri'a da gaske. Don haka kar ka ɗauko 13 ɗin can ka haɗa da 36 ɗin nan ka ce matasa sun ninka sau uku, wannan kuskuren ina ganinsa har a manyan jaridu. Ma'auni ɗaya za ka riƙe, kuma kowanne ka riƙe labarin dai ɗaya ne.

Abin da ya sa na ce ba halin ƴan zamani ba ne shi ne wannan. A 1971 aka yi wa tsarin mulkin Amurka gyara na 26 aka rage shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18, saboda ana kwasar yara ƴan 18 ana kai su yaƙin Biyetnam amma ba su da ikon zaɓar masu tura su. Waɗannan matasan su suka cika tituna da zanga-zanga, ba wanda zai ce ba su damu da siyasa ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 1972 wajen rabinsu suka fito. Da aka zo na rabin wa'adi a 1974, ƴan watanni bayan Shugaba Nixon ya yi murabus ƙasa ta ɗau zafi, wajen ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu 18 zuwa 24 suka je rumfa. To lissafa, wanda ke da shekara 20 a 1974 shi ne mai shekara 68 a 2022. Su ne fa tsofaffin nan da yau ake yabo da cewa ba sa fashin zaɓe. Mutanen nan dai su ne, ba a canza su ba, rayuwarsu ce ta canza.

Masana siyasa sun daɗe da gano cewa zaɓe sabo ne. Alan Gerber da Donald Green sun yi gwaje-gwaje inda suka nuna cewa in ka sa mutum ya fita zaɓe sau ɗaya, ko da ta hanyar ƙwanƙwasa masa ƙofa ne, to damar ya sake fita a na gaba ta ƙaru ko ba ka koma wajensa ba. Wanda ya yi zaɓe sau goma ya san rumfarsa, ya san wane kati zai ɗauka, ya san ƙarfe nawa layi yake raguwa, ba ya ma tsayawa tunanin zai je ko ba zai je ba. Mai shekara 19 kuwa kowane mataki sabo ne a wajensa, kuma kowane mataki wuri ne da zai iya tuntuɓe. Zaɓen shugaban ƙasa kamar sallar Idi ne, gari ya ɗauka, an yi ɗinki, ko wanda bai cika zuwa masallaci ba ranar za ka gan shi a sahu. Na rabin wa'adi kuwa asuba ce, wanda ya saba shi yake tashi. Tun 1960 Angus Campbell ya bayyana wannan hawa da saukar, cewa hayaniyar zaɓen shugaba tana jawo mutanen gefe, in an zo rabin wa'adi sai su koma gefensu a bar ƴan gida. Matasa kuma su ne mafi yawan mutanen gefen, ba don komai ba sai don ba su daɗe a harkar ba.

Sai maganar rajista, kuma a nan ne nake so ka tsaya da kyau domin a ganina nan ne rabin matsalar take. Amurka ba ta da hukumar zaɓe guda ɗaya ta ƙasa da ke riƙe sunayen kowa, kowace jiha da dokarta, ƙananan hukumomi ne ke gudanar da zaɓen, kuma rajistarka a manne take da adireshin gidanka. Ka tashi daga gida, sai ka sabunta. Ka canza jiha, sai ka sake daga farko. To wa ya fi kowa tashi? Ƴan shekara ashirin da wani abu, masu haya, masu bin aiki da makaranta. A cikin masu shekara 65 zuwa sama wajen kashi 79 gidan kansu suke zaune, a cikin ƴan ƙasa da 35 kuwa ba su kai kashi 40 ba. Dattijuwar da ta yi shekara talatin a gida ɗaya sau ɗaya ta yi rajista ta manta da zancen.

Ɗauki yarinya mai shekara 22 da ta gama makaranta a watan Mayu, ta samu aiki a Houston ta jihar Teksas ta kama ɗaki a watan Agusta. Tana son yin zaɓe, tana ma zazzafar muhawara a kai da ƙawayenta. Tsakiyar Oktoba da tallan ƴan takara ya cika ko'ina sai ta tuna, ta shiga intanet ta duba, sai ta tarar a Teksas kwana 30 kafin zaɓe ake rufe rajista, an riga an rufe. Sunanta yana can jihar iyayenta, in tana so sai ta nemi a aiko mata da takardar ƙuri'a ta gidan waya, ta cike, ta sa hannu daidai da yadda ta sa a da, ta nemi kan sarki ta mayar kafin wa'adi, ita da ƙila ba ta taɓa aika wasiƙa ba a rayuwarta. Ranar zaɓe ta zo ta wuce, a kundi an rubuta ba ta yi zaɓe ba, mai sharhi a talabijin kuma ya ce matasa ba su damu ba. John Holbein da Sunshine Hillygus sun yi bincike mai kyau a kan wannan, sun nuna matasa da yawa suna cewa za su yi zaɓe kuma har zuciyarsu suke faɗa, inda ake rasa su shi ne tsakanin niyya da cikawa.

Kuma wasu dokokin wallahi in ka karanta sai ka ga kamar da tsoho a zuciya aka rubuta su. A Teksas ɗin dai, in ka kai 65 kana da damar yin zaɓe ta gidan waya ba tare da ka kawo wani uzuri ba, in ba ka kai ba sai ka kawo dalili irin rashin lafiya ko tafiya. A Tenesi daga shekara 60 ne. A Teksas za a karɓi lasin ɗaukar bindiga a matsayin shaida a rumfar zaɓe amma ba za a karɓi katin ɗalibi ba ko da na jami'ar gwamnatin jihar ne. Masu kare dokar suna cewa shi lasin an fi tantance mai shi kafin a ba shi, na ji hujjarsu, amma kowa ya san wa ke yawo da wannan katin wa kuma ke yawo da wancan. Rigimar ɗalibai ma tsohuwa ce, a jami'ar Prairie View ta baƙaƙen fata da ke Teksas jami'in rajista ya riƙa tsare ɗalibai da wasu tambayoyi na daban don ya hana su rajista a garin da suke karatu, sai da magana ta kai kotun ƙoli a 1979 aka tabbatar ba shi da wannan ikon.

Ranar zaɓen kanta Talata ce, dokar 1845 ce ta fara sa haka tun zamanin da manomi ke buƙatar kwana guda a kan doki kafin ya isa gari, kuma ba ranar hutu ba ce ta ƙasa. Ɗan fansho ba abin da ya dame shi da Talata, mai aikin awa-awa a kanti ko gidan abinci kuwa kuɗi zai rasa. Yanzu yawancin jihohi suna barin a yi zaɓe tun kafin ranar, wannan ya rage matsalar sosai, don haka ba na ɗora mata nauyi da yawa.

Wanda nake ɗora wa nauyi shi ne yadda ƴan siyasa suke kamfe. A Amurka ba a sanin wa ka zaɓa, amma ana sanin ko ka yi zaɓe, a rubuce yake, kuma jam'iyyu suna samun wannan kundin. Sai su ba kowane mutum maki gwargwadon yawan fitarsa a baya. Ɗan takarar majalisa da kuɗinsa ke da iyaka ba zai ɓata su a kan wanda bai taɓa fitowa ba. Yaron da aka tura bin gida-gida wayar hannunsa ce ke nuna masa ƙofofin da zai buga, gida mai lamba kaza akwai mace mai shekara 71 ta yi zaɓe huɗu cikin huɗu na baya, je ka, sai ya wuce dogon benen haya mai ɗaki ɗari cike da matasa ko kallo bai yi ba, domin ko dai sunayensu ba sa ciki ko makinsu ya yi ƙasa, ga ƙofar benen ma a kulle sai mai lamba. Dattijuwar nan kafin zaɓe akwatin wasiƙarta ya cika da takardu, an kira ta a waya, an zo har gida an tuna mata. Ba a nemi matashi ba saboda ba ya zaɓe, shi kuma bai yi zaɓe ba saboda ba a neme shi ba, haka abin ke ta juyawa shekara da shekaru. A zaɓen shugaban ƙasa kuɗi sun yi yawa har a iya neman sababbi, a rabin wa'adi kuwa kowa tsoffin kwastomominsa yake riƙewa.

Ga kuma takardar ƙuri'ar, doguwa ce, wani wurin gaba da baya, ɗan majalisa, gwamna, sakataren jiha, babban lauya, alƙalai, shugaban ƴan sandan yanki, ƴan kwamitin makarantu, da tambayoyin eh ko a'a a kan haraji. Wanda ya yi shekara arba'in a gari ya san sunayen nan, wasu ma ya san iyayensu. Wanda ya zo bara bai san kowa ba, kuma matasa da yawa suna cewa ba su san isasshe ba gara kar su zaɓi abin da ba su sani ba. Tsoho ba ya wannan tunanin, alamar jam'iyyarsa yake bi har ƙasa, matasa kuwa da yawansu ba sa ɗaukar kansu ƴan kowace jam'iyya. Ko malaman zaɓen da za su tarbe ka a rumfa, a 2018 fiye da rabinsu sun haura shekara 60.

Su tsofaffin fa ba don Allah ya yi su da kishin ƙasa fiye da kowa ba ne, akwai abin da suke karewa kuma suna ganinsa da idonsu. Duk wata kuɗin fansho na gwamnatin tarayya yana shiga asusunsu, shirin da Shugaba Roosevelt ya kafa a 1935, ga inshorar lafiya ta Medicare da Shugaba Johnson ya sa wa hannu a 1965 wadda ke farawa daga shekara 65. Fanshon nan kaɗai yana cin wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da gwamnatin tarayya ke kashewa. A 1959 wajen kashi 35 na tsofaffin Amurka matalauta ne, sun fi kowane rukuni talauci, kuma a lokacin ba su ne kan gaba a zaɓe ba. Andrea Campbell ta jami'ar MIT ta nuna yadda shirin fanshon ne da kansa ya mayar da su masu zaɓe, ya ba su abin hannu da lokaci da dalili, ya kuma haɗa su rukuni ɗaya mai buƙata ɗaya. Ga ƙungiyarsu AARP mai mambobi miliyan talatin da ɗoriya tana tuna musu. Da George Bush ƙarami ya so ya taɓa tsarin fanshon a 2005, jam'iyyarsa ce ke riƙe da majalisu biyun amma maganar ko ƙuri'a ba ta kai ba ta mutu. Matashi kuwa matsalolinsa a warwatse suke, kuɗin haya, bashin karatu, aiki, kuma ba wata takarda da ke zuwa masa duk wata ta nuna masa ga abin da majalisa ta yi maka ko ta hana ka.

Sannan in an ce matasa kar ka ɗauka abu ɗaya ne. Tazarar da ke tsakanin matashi mai digiri da wanda bai je jami'a ba tana da girma ƙwarai, kuma ɗalibin jami'a shi ake gani a labarai saboda yana wuri ɗaya, ana kafa masa teburin rajista a bakin ɗakin cin abinci. Mai shekara 21 da ke tuƙin mota ko aikin sito ko reno, shi ne ainihin wanda ba ya zuwa, kuma shi ne ba wanda ke maganarsa. Wannan ya fi damuna fiye da tazarar tsoho da yaro.

To me ya faru a 2018? Abubuwa ne suka haɗu. Trump yana shekara ta biyu, mutane sun rabu gida biyu kowa a fusace, sannan ranar 14 ga Fabrairu wani ya shiga makarantar sakandare a Parkland ta jihar Fulorida ya kashe mutum 17, yaran da suka tsira suka ƙi yin shiru, suka shirya gagarumin gangami a Washinton a watan Maris suka bi ƙasa suna yi wa sa'o'insu rajista. Fitowar ɗaliban jami'a ta tashi daga kashi 19 a 2014 zuwa 40. Dimokrat, jam'iyyar adawa da Trump, suka ƙara kujeru wajen 40 suka karɓe majalisar wakilai, kuma wajen biyu cikin uku na matasan da suka yi zaɓe su suka zaɓa. Amma ka lura tsofaffi ma sun ƙaru a shekarar, kowa ya ƙaru, tazarar raguwa ta yi ba rufewa ba. A 2022 an yi ta hasashen Rifablikan, jam'iyyar Trump, za su yi wa Biden kaca-kaca, sai kotun ƙoli ta soke haƙƙin zubar da ciki na ƙasa baki ɗaya a watan Yuni, lissafi ya canza, Rifablikan suka ci majalisar wakilai da ƙyar 222 da 213, majalisar dattawa kuma ta zauna a hannun Dimokrat. A shekarar ne Maxwell Frost ya ci kujera daga Fulorida yana da shekara 25, daidai shekarun da doka ta yarda. Fitowar matasa dai ta fi ta 2014 nesa ba kusa ba amma ba ta kai ta 2018 ba.

In kana son ganin cewa doka tana aiki, dubi jihohi a 2022. Mishigan ce ta zo ta ɗaya da wajen kashi 36 na matasa, Minesota, Maine, Oregon da Kolorado duk sun haura 30, Tenesi kuwa wajen 13. Mishigan a 2018 jama'a suka amince da dokar da ta ba da damar yin rajista ranar zaɓen kanta, a 2022 kuma ga tambayar zubar da ciki a kan takarda ga takarar gwamna mai zafi. A garin Ann Arbor na jihar ɗalibai suka yi layi cikin sanyi lulluɓe da barguna na awanni suna jiran a yi musu rajista su jefa ƙuri'a, na ƙarshe sai bayan tsakar dare suka gama. Yaran da aka ce ba su damu ba kenan. Minesota da Maine tun shekarun 1970 suke rajistar ranar zaɓe, Oregon da Kolorado kuwa kowa ake aika wa takardar ƙuri'arsa gida, Oregon ce ma ta fara yi wa mutane rajista kai tsaye in sun je karɓar lasin tuƙi, a 2016. Ba ina cewa doka ce kaɗai ba, zafin takara yana da nasa, amma ba dace kawai ba ne a ce kusan duk jihohin da ke sama masu sauƙin rajista ne. Kiran manyan taurari kuwa bai kai yadda ake zuzuta shi ba, a Oktoban 2018 mawaƙiya Taylor Swift ta yi kira a Instagram dubban mutane suka yi rajista cikin kwana ɗaya, amma ɗan takarar sanatan da ta mara wa baya a Tenesi ya sha kaye da rata mai yawa.

Illar zaman gidan nan ba ƙarama ba ce. A 2008 matasa sun kai kashi 18 na masu ƙuri'a, biyu cikin uku suka zaɓi Obama. A 2010 suka koma wajen 12, tsofaffi suka haura 20, Dimokrat suka yi asarar kujeru 63 a majalisar wakilai. Abin da ya fi wannan, 2010 shekarar ƙidaya ce, majalisun jihohin da aka zaɓa a ranar su suka shata mazaɓu na shekara goma masu zuwa. A 2014 da fitowa ta lalace irin wadda ba a gani ba tun 1942 Rifablikan suka karɓe majalisar dattawa, shi ya ba jagoransu a majalisar, Mitch McConnell, ikon ƙin sauraron alƙali Merrick Garland da Obama ya zaɓa wa kotun ƙoli a 2016, kujerar ta jira Trump. Kotun da ta yanke hukuncin 2022 da matasa suka fusata a kai, ta kuma soke shirin Biden na yafe bashin karatu a 2023, da zaɓukan da ba su je ba aka gina wani ɓangarenta. A nan kam ba zan wanke su tas ba. Wahalar rajista gaskiya ce, amma akwai miliyoyi masu rajista a hannu, rumfa a bayan gida, suka ce ai ba shugaban ƙasa ake zaɓa ba. Makarantu ma da laifinsu, ana koya wa yaro tarihin tsarin mulki ba a koya masa yadda ake cike fom ɗin rajista, jihohin da ke barin ƴan 16 su yi rajista tun suna aji kafin su watse, irin Fulorida da Kalifoniya, su suka kama bakin zaren.

Kar kuma ka ɗauka in matasa sun fito to Dimokrat sun ci. Reagan na Rifablikan ya lashe matasa a 1984 da rata mai yawa, a 2000 kuma tsofaffi sun ɗan fi karkata ga Al Gore na Dimokrat. Rabuwar nan ta yaro Dimokrat tsoho Rifablikan daga wajen 2004 zuwa 2008 ta yi ƙarfi, kuma a 2024 ta fara laushi, samari maza da yawa sun koma wajen Trump, tsofaffi kuma suka rabu kusan biyu daidai. Yanzu ma masu digiri da suka fi kowa naci a ƙananan zaɓuka sun fi karkata ga Dimokrat, don haka tsohon lissafin nan na cewa ƙarancin fitowa Rifablikan yake taimaka bai tsaya da ƙafarsa kamar da ba.

In wani zaɓen ya zo ka ga an fara yaɗa alƙaluma washegari, ka tambayi abu biyu kafin ka tura wa wani. Na farko, kashi nawa na matasa ne suka fito ake nufi, ko kashi nawa ne matasa a cikin waɗanda suka fito, domin matasa za su iya ƙaruwa sosai amma kasonsu ya tsaya a 12 ko 13 in kowa ma ya ƙaru, haka aka yi a 2018. Na biyu, ƙiyasin farko ne ko na ƙarshe. A 2022 CIRCLE ta fara cewa 27, da jihohi suka gama sabunta kundinsu bayan watanni sai ya dawo 23, ita kuma hukumar ƙidaya sai wajen Afrilu ko Mayun shekara mai bi take fitar da nata.